Daga ina ƙarfin asiri yake fitowa: kaya, baki, jini ko iska?

Ɗan_Birni
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masana. Ranar Alhamis a kasuwar Dole ta Damagaram za ka ga masu shimfiɗa da ƙahoni, fatun namun daji, kauci, sassaƙe, wuri da layu ɗinkakku. A zaurukan malamai allo ne da tawada. Ƴan bori na da gogensu, maƙera da mahauta na cewa nasu gado ne. Ka ƙetara wajen Zabarmawa, Bambara, Yarbawa da mutanen Dahome, kowa da irin nasa. To su masu abin, a ina suke cewa ƙarfin yake zaune? Cikin kayan, ko cikin kalmar da aka tofa, ko a jinin mutum, ko wajen iskar da aka yi wa yanka? Tsarin abin nake so a fayyace mini, fatawa ta biyo baya.

Alaramma_GarinMalam
Wa alaikumus salam. Bari in ɗauki ɓangaren allo. A wajen malaman zaure ƙarfin na ga aya ko sunan Allah, amma sai an haɗa masa adadi, lokaci, da izinin wanda ya ba ka laƙanin. Shi ya sa kundi ke yawo hannun almajirai ana kwafa, amma malamai ke cewa wanda bai karɓa baki da baki ba, baƙaƙe kawai ya tara.

Rubutun sha ga yadda yake. Allon itacen aduwa aka fi so don taurinsa. A wanke, a shafa farar ƙasa, a bari ya bushe. Tawadar sha gawayi ne da aka niƙa lukui, ko baƙin gindin tukunya, a dama da ƙaron da aka jiƙa tun dare. In ƙaro ya yi yawa rubutu ya yi ƙyalli ya riƙa ɓamɓarewa, in ya yi kaɗan gefen hannu na gogawa ya share. Da alwala ake rubutawa, a fuskanci gabas, ba magana har adadi ya cika, ƙafa 7 ko 41 ko abin da laƙanin ya ce. A wanke cikin ƙwarya mai tsabta, a sha, a shafe jiki da saura, ragowa kuma ba a zubar da ita inda ƙafa ke takawa. A zafin Damagaram rubutu ba ya wuce kwana biyu bai yi tsami ba saboda ƙaron. Don haka na matafiyi a auduga ake tsane shi, a shanya a inuwa, in ya sauka ya jiƙa ya sha.

Hisabi_129
Allah gafarta Malam, a adadin nan ne mafi yawa ke zamewa. Lissafin abajada, wato ba kowane harafin Larabci lambarsa, iri biyu ne. A na gabas sin 60 ne, sadi 90, shin 300. A na Magrib sadi 60, ladi 90, sin 300, shin 1000. Tsofaffin kundayenmu da yawa kan na Magrib suke tafiya, littattafan bugun Masar da Bairut da ke kasuwa kuma kan na gabas. Bisimilla 786 ce a gabas, 1026 a Magrib, duk saboda sin guda ɗaya. Hasbunallahu wa ni'imal wakil 450 can, 690 nan. Laɗif dai 129 ne ko'ina don ba harafin rigima a cikinsa, babban adadinsa 129 sau 129, wato 16641. Wanda ya lissafa sunan mutum da na uwarsa da abajadar gabas, ya zuba a hatimin da aka gina kan ta Magrib, a ƙa'idar masu fannin aikin ya ɓaci tun kafin tawada ta bushe.

Ɗan_Birni
Malam Hisabi, shi hatimin yaya ake zuba shi?

Hisabi_129
Ɗauki mai gida tara. Layin sama 4, 9, 2. Tsakiya 3, 5, 7. Ƙasa 8, 1, 6. Ta ko'ina ka tara 15 ne. Kusurwoyi huɗu, 2, 4, 6, 8, su ne ba, dal, wau, ha, buduhun da ake rubuta wa mai naƙuda. In za ka shigar da adadi, cire 12, raba saura uku, ka sa abin da ya fito a gidan 1, kana ƙara ɗaya-ɗaya bisa jerin gidajen. Sunan Allah 66: cire 12 saura 54, kashi uku 18. Ka fara da 18 ka ƙare da 26, 22 na tsakiya, kowane layi 66.

Wahala sai rabon ya bar ragowa. Muhammadu 92: cire 12 saura 80, kashi uku 26 da ragowar 2. Dole ka tsallake lamba ɗaya a gida na huɗu. Tsaye da kwance za su ba da 92, amma karkataccen layi guda zai ba da 93, hatimi ya gurgunce. Irin wannan adadi a mai gida 16 ake zuba shi: cire 30, raba huɗu, 15 da ragowar 2, a yi tsallaken a gida na tara, ko'ina ya daidaita. Fannin nan daɗaɗɗe ne a ƙasar Hausa. Muhammadu al-Kashinawi, Bafillacen Katsina, ya yi rubutu kan gina hatimai masu gidaje mara a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Baduku_Zango
Ku malamai ku rubuta, wajen dukawa ake kawo ɗinki, kuma rabin layun da ake cewa sun mutu gumi ne ya cinye su. Takardar laya da yambari ya kamata a rubuta ta, tawadar bagaruwa da kashin maƙera, ita ce ke kama takarda. Wanda ya yi da tawadar allo, damina guda ta isa, ka farke ka tarar da baƙin dunƙule. A naɗe takarda rubutu na ciki, a ɗaure da zaren auduga, a shafe da kakin zuma, sannan a sa jemammiyar fatar akuya, ja ta karan dafi ko baƙa, a huda da basilla a ɗinke a matse. Baduku ba ya buɗe takarda ya karanta. In an ce kada ta taɓa ƙasa, kan cinya ko faifai ake aikin. Laya a wuya ko a hula, kambu a damtse, guru a ƙugu. Gurun ƴan kokowa ba takarda zalla ba ce, akwai garin magani, gashi, wani lokaci ƙashi ko allura. Tun da aka fara gasar kokowa ta cin takobi a Tawa a 1975, da wuya ka ga ɗan kokowa ya shiga fili ƙugu wayam.

Abu_Sumayya
Ɗan Birni ka ce fatawa ta jira, amma ba a raba su. Alƙur'ani ya riga ya faɗi tushen: aya ta 6 a Suratul Jinni ta ce wasu mutane na neman tsari da aljannu sai suka ƙara musu wahala, aya ta 102 a Baƙara ta ce masu sihiri ba sa cutar da kowa sai da izinin Allah. Hatimi, bin sa'ar taurari da kiran hadimi, wato aljani mai yi wa mutum aiki, duk ƙofa ɗaya ce. Me ya kawo sunan uwar mutum cikin addu'a? Ruƙya da Fatiha, Ayatul Kursiyyu, Falaƙi da Nasi ta isa.

Alaramma_GarinMalam
Malam Abu Sumayya, a rarrabe. Risalar Ibn Abi Zaid da ake karantawa a kowane zaure ta ce ba laifi a yi tofi da Littafin Allah, ba laifi a rataya laya mai Alƙur'ani a ciki. Har wankan kambun baka ta kawo: wanda ake zargin idonsa ya wanke fuska, hannuwa, gwiwoyin hannu da na ƙafa, gefen sawu da cikin gyautonsa a ƙwarya, a kwarara wa mara lafiya. Inda na bi ka shi ne sunayen da ba a san ma'anarsu ba, rubuta aya a juye, ko da jini, ko halwar da ake cewa a bar salla. Mai yin wannan boka ne ya ɗaura rawani.

Abu_Sumayya
Saɓani kan layar Alƙur'ani na nan, na yarda. Amma Baduku da kansa ya ce ba a buɗewa. Mai ratayawa ta ina zai san aya ce ko ƙashi?

Magajiya_Mirya
Ɗana Ɗan Birni, ga na bori. A nan mutum ba shi da ƙarfin komai, doki ne ko goɗiya, iska ce mai hawa. Kuma ba kai ke zaɓenta ba. Ciwo ke fara zuwa: shanyewar gaɓa, ɓari a kai a kai, rashin barci, firgita. In an yi magani bai ci ba, sai a kira masu goge da ƙwarya, su bi kiɗan iskoki ɗaya bayan ɗaya. Wanda mara lafiya ya motsa a kansa, shi ne mai shi. Daga nan sai girka. Yawanci kwana bakwai ne a ɗaki, uwar girka na tsaye, ana shan jiƙo ana turare, daren ƙarshe kwanan zaune, gari ya waye a yi yanka da wasa. Girka sulhu ce, ana koya wa mutum da iskarsa zama tare, ba a korar ta.

Kowace iska da kirarinta, kiɗanta, kalar tufarta da abin da take karɓa. Malam Alhaji farare yake so, ga allo ga carbi. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai caca da kyauta, turare, goro da rigar ƙwarai. Kuturu in ya hau yatsu su naɗe, murya ta koma ta hanci. Sarkin Rafi ya yi tsalle ya faɗo da mazaunai a kan ƙasa. Inna Bafilatana nono. Akwai farare na gari, akwai babbaƙu na daji, birninsu Jangare mai gida goma sha biyu. In za su sauka atishawa ce. Kuma harka ce ta fada a da: a Maraɗi Iya ke shugabantar ƴan bori, a Tsibirin Gobir Inna.

Abin da ke ɓata aiki uku ne: mai goge ya kuskure kiɗa, a yanka dabbar da kalarta ba ita ba, ko a ɗauki alkawarin yankan shekara a ƙi cikawa. Na ƙarshen ya fi muni, don ciwon kan dawo kan ɗa ko dukiya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Likita_Karkada
Hajiya, da girmamawa. Alamomin da kika lissafa yawancinsu suna da suna a asibiti. Yaron da zazzaɓi ya kama ƙafa ta saki, ana cewa shan Inna, ƙwayar cuta ce da ɗigon rigakafi ke tarewa. Mai faɗuwa yana kumfa farfaɗiya ce, akwai ƙwayoyin da ke riƙe ta in ana sha kullum ba fashi. In ya faɗi a kwantar da shi gefe ɗaya, a janye wuta da ruwa, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa rubutu ko jiƙo yana cikin fizga, don huhu zai tafi. Fizgar ta wuce minti biyar, a ɗauke shi zuwa asibiti. Yaro mai zafin jiki da sanƙarewar wuya lokacin zafi, ko mai fizga da damina, sanƙarau ne ko zazzaɓin sauro da ya hau kai. Kwana bakwai na girka ya fi ƙarfin lokacin da yake da shi.

Magajiya_Mirya
Likita ba ka yi ƙarya ba. Uwar girka ta ƙwarai ba ta karɓar mai zazzaɓi. Wanda aka kai asibiti aka auna aka ce ba a ga komai ba, shi ne nata.

Bazabarme_Dole
Wajenmu yamma an raba aikin gida-gida. Zima shi ke shirya wasan holle, kwatankwacin borinku. Sorko jikokin Faran Maka Bote ne, nasu baki ne: su ke yi wa Dongo mai tsawa kirari, su ake kira in aradu ta faɗa kan gida ko mutum, kuma su ke kan gaba a Yenandi, roƙon ruwan da ake yi da tukunyar hampi kafin damina. Sohance kuwa, manyan masu asiri, suna jingina kansu ga Sonni Ali wanda ya rasu a 1492, cibiyarsu Wanzarbe a yankin Tera. Su ƙarfin a ciki yake. Ana cewa akwai ƴar sarƙa a cikin babban sohance, in rawa ta kai masa takan leƙo ta baki ya mayar, in zai mutu ya amayo ta magajinsa ya haɗiye. Ban da sarƙa akwai kusu, tuwon garin gero da aka dafa da garin itatuwa ana tofa kalmomi, a ci a ƙoshi, ya zauna a jiki har mutuwa. Awon garin uku ne ga namiji, huɗu ga mace. Ka ga ba abin ratayawa a nan, ɓarawo ba ya sace shi, gumi ba ya cin sa. Iskoki ma suna ƙaruwa: Hauka, da Hausawa ke kira Babule, sun ɓullo ne wajen 1925 a yankin Filinge, suna kwaikwayon soja da kumandan na Nasara.

Ɗan_Maƙera_Tanut
Uku da huɗun nan har wajenmu haka take, bakwai kuma haɗinsu. Abin da Bazabarme ya faɗa shi Hausawa ke kira gado. Maƙeri wuta, sarkawa ruwa, mahauci ƙaho, sarkin noma gero, mahalbi daji. Tofin ƙuna na maƙera kalmomi ne kaɗan, yaro ma zai hardace, amma in bare ya karanta ana cewa iska ce kawai ya hura. Zamanin da ake narka tama, masu aikin ba sa kusantar iyali tun daren jajibiri, mai haila ba ta zuwa wurin, ana zubar da jini kafin a sa wuta. In ƙarfe ya ƙi fita sai a nemi wanda ya karya sharaɗi, ko da yake tsofaffi sun san ɗanyen gawayi da tamar da ba a tsince ba su ma suna kashe aiki. A gidajen Anna, masu bin addinin gargajiya, akwai kan gida da jigon tsafi inda ake yanka wa iskar kakanni. Ka duba Masalata kusa da Ƙonni inda ake buɗin daji, ko Lugu mai Sarauniya da dutsen Tunguma: ba a sayen waɗannan da kuɗi, ba a koyonsu a kundi.

Malama_SabonGari
A gado akwai wanda ba a so. Maita ana cewa ƙanƙara ce a ciki, ta wajen uwa a nono ake sha, wanda ya gada ta uba gani kawai yake ba ya ci. In an ce an kama kurwar wani, sai a tilasta wanda ake zargi ya tsallaka mara lafiya ko ya tofa a ruwa a ba shi. Ku lura da waɗanda zargin ke faɗa wa: tsohuwa mara ɗa, baƙuwa, kishiya. Hujjar kuma sunan da mai zafin zazzaɓi ya ambata cikin sambatu. Ana raba aure, ana hana auren ƴaƴan gida har jikoki a kan wannan.

Fatake_Gwanja
Bambara da Malinke suna da amsa kai tsaye ga tambayar Ɗan Birni. Suna cewa akwai wani ƙarfi, nyama, cikin komai: ƙarfe, jini, dabba, har magana. Duk aikin da ya sauya abu yana sakin sa, don haka maƙera, maroƙa da dukawa aka ware su gidaje na musamman masu iya ɗaukar sa. Maharbinsu in ya kashe babban nama sai ya yi tsarin kansa kafin ya taɓa. Bolin ƙungiyar Komo, wadda maƙera ke jagoranta, dunƙule ne na ƙasa, itace, ƙashi da gashi, ana ta zuba masa jini, kunun gero da tauna goro har ya yi ɓawo. A daina ciyar da shi ya mutu.

Wajen Fon na Benin kuma ɗauri ne: gunkin itace a naɗe shi da igiya, a rataya masa kwaɗo a kulle, ana faɗin buƙata. A watan Janairu ake babban bikin Vodun, addininsu na gargajiya, a Wida. Mu ma muna da ɗaurin baki da kulle kwaɗo, kuma Falaƙi ta ambaci masu tofi a ƙulle-ƙulle. Abin lura, sarakunan Asante da ba Musulmi ba, a farkon ƙarni na 19, layun malaman da ke Kumasi suke saya da tsada su ɗinke a rigar yaƙinsu, batakari. Ba su karanta ko harafi.

Mai_Sassaƙe_Matamai
Na itace ba a taɓo ba. Boka na cewa itace na da mai shi, musamman tsamiya da kuka. Ana zuwa da sassafe kafin a yi magana da kowa, a yi wa itacen sallama, a zuba masa ƴan tsabar gero ko a ajiye wuri, a faɗi sunan wanda za a yi wa aiki. Sassaƙe gabas da yamma ake ɗauka, faɗin tafin hannu, a shafe wurin da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wanda ya zagaye gindin da sara ya kashe itacen, don ta ɓawon abincinsa ke bi. Saiwa ba a cire uwar, ta gefe ake yanka a mayar da ƙasa. Kauci shi ne sarki: yana fita kan wani itace bai taɓa ƙasa ba, don haka ake tare shi da zane kada ya faɗi, wasu ma ba sa sa masa ƙarfe. Kaucin tsamiya daban, na kuka daban, aikin na bin uwar da ya hau. A shanya a inuwa, rana na kashe ganye. A daka, a tankaɗe, a tofa surƙulle, sannan sha, wanka, turare ko binnewa a bakin ƙofa ko mararraba. Kowane magani da sharaɗinsa: wani ba a cin kuɓewa, wani ba a shiga gidan mutuwa da shi, wani mace ba ta tsallaka shi. A shimfiɗar kasuwa kaucin da aka ce na tsamiya ne, in ba a bar masa guntun reshen uwar ba, ba yadda za ka tantance.

Likita_Karkada
A itacen nan akwai masu aiki ko an tofa ko ba a tofa ba. Zaƙami, haukata-yaro, na sa baki ya bushe, ƙwayar ido ta buɗe, zuciya ta yi gudu, mutum ya riƙa ganin abin da babu. Da yawa cikin masu cewa sun ga aljani a ɗakin boka hayaƙi ko jiƙonsa aka ba su. Ruwan tumfafiya da na tinya na ƙona ido. Tozalin dutse na da dalma, tana taɓa ƙwaƙwalwar jariri. Rubutun da aka yi da tawadar kanti ko alƙalamin maka, kada a sha.

Kokwanto
Ni tambayata ɗaya. Labarin baka na cewa an binne Alƙur'anai da asirai a ganuwar Birnin Damagaram zamanin Sarki Tanimun, amma shi Tanimun ɗin bai tsaya nan ba, igwa ya sa aka ƙera masa. A 1899 aka gwabza a Tirmini, mayaƙan Amadu Kuran Daga da layunsu da sagau da kau-da-bara, Faransawa suka shiga Damagaram. A shekarar ce kuma ayarin sojan Faransa na Bule da Shanuwan ya ƙone Lugu. In abu ya ci a ce asiri, in bai ci ba a ce an karya sharaɗi. Ta wace hanya za a gane wanda ba ya aiki tun asali?

Tauri_KaraKara
Tsafi gaskiyar mai shi. Amma Kokwanto ka san tauri na ƙarfe ne, wuƙa da takobi, kuma tsofaffin ƴan tauri ba su cewa yana tare harsashi. Ana dafa mutum tun yana yaro, a ci a tuwo ko a sha a fura, sannan ba ya zarewa sai an yi masa kiɗa da kirari. Duk wanda ya ce a gwada maganin bindiga a jikin mutum, kisa yake shiryawa. Ya rataya wa kansa.

Mai_Ƙasa_Magarya
Kafin kowane aiki sai an duba, don haka bugun ƙasa ya shiga lissafi. A baza rairayi mai tsabta. A ɗiga layi 16 daga dama zuwa hagu ba ƙirgawa, huɗu-huɗu. A riƙa kashe ɗigo biyu-biyu, abin da ya rage a kowane layi ɗaya ne ko biyu. Layi huɗu su ba da gida guda, ka sami uwaye huɗu. Kawunan uwayen su haɗu su ba da gida na 5, ƙirazansu na 6, cikkunansu na 7, ƙafafunsu na 8. Sai aure: 1 da 2 su haifi 9, 3 da 4 su haifi 10, 5 da 6 su haifi 11, 7 da 8 su haifi 12. Daga nan 9 da 10 su ba da 13, 11 da 12 su ba da 14, waɗannan shaidu ne, su kuma su ba da 15, alƙali. A haɗa 15 da 1 a sami 16. Wajen haɗawa, iri ɗaya ya ba da biyu, mabambanta su ba da ɗaya. Ga ma'aunin gane ƙwararre: ɗigon alƙali dole ya zama cika, 4 ko 6 ko 8. In ya fito mara, an yi kuskure a hanya, a share a sake. Mai duban da ya ci gaba da fassara kan alƙali mara, bai iya ba.

Fatake_Gwanja
Ifa na Yarbawa ma ɗaya da biyu ne. Babalawo, mai dubansu, na riƙe ƙwallon kwakwar manja 16, ya cafe da hannun dama. In ɗaya ya rage ya zana biyu a garin da ke kan faranti, in biyu suka rage ya zana ɗaya. Sau takwas, odu, wato gidan duba, ya fito, ɗaya cikin 256. Ko ya jefa sarƙar opele mai ɓawo takwas, sau ɗaya ta gama. Kowane odu da baitocin da aka hardace shekaru, da yankan da ya ce a yi. UNESCO ta sa Ifa cikin gadon ɗan Adam a 2005. Ƙarfin da ke sa magana ta tabbata su ashe suke ce masa.

Ɗan_Birni
Na gode iyayena da yayyena. To bari in maido ku kasuwar Dole. Mutum ya ba da jikka biyu ya sayi laya ɗinkakkiya a shimfiɗa, bai san wanda ya rubuta ba, ba a ambaci sunansa ba, ba a ba shi sharaɗi ba. A ƙa'idar kowannenku, akwai wani abu a cikinta?

Ɗan_Maƙera_Tanut
Fata ya saya.

Alaramma_GarinMalam
In aya ce a ciki, aya ba ta rasa albarka, kuma wajibi ne ya girmama ta. Layar tsari ta yara ba ta buƙatar suna. Ta buƙata ce, kamar farin jini ko kasuwa, ake yi wa adadi da sunan mai ita.

Baduku_Zango
Ya farke ya gani. Da yawa yanzu hoton inji ne aka buga ɗari-ɗari, wasu kwali ne ko tsumma. Ɗinkin manne da gam maimakon zare shi ne alama ta farko.

Magajiya_Mirya
Wajenmu tsoron kayan da ba a san mai shi ba ya fi tsoron ya zama banza. In an taɓa yi masa yanka, mai karɓar yankan zai biyo bashi gidan da kayan ya kwana.

Kokwanto
Sarakunan Asante da Fatake ya ambata fa? Izinin wa suka karɓa?

Hisabi_129
Su an yi musu da sunansu, malam na zaune a fada. Sai gyara ɗaya kan lokaci, don Alaramma ya ambace shi bai buɗe ba. Sa'ar farko bayan fitowar rana ta tauraron ranar ce: Lahadi Shamsu, Litinin Ƙamar, Talata Mirrihu, Laraba Uɗaridu, Alhamis Mushtari, Juma'a Zuhura, Asabar Zuhal. Sa'ar kuma ba minti 60 ba ce. Ana auna daga fitowar rana zuwa faɗuwarta a raba 12. A nan Damagaram da hunturu takan sauka wajen minti 57, a farkon damina ta kai wajen 64. Mai bin agogon hannu da jadawalin littafin Masar, a waɗannan lokuta, zuwa la'asar ya fita daga sa'ar da yake nema da wajen rabin awa ko fiye.

Abu_Sumayya
Taurarin nan dai su ne abin da na ce tun farko. Alaramma, ka ce ka bi ni kan sunayen da ba a sani ba. Sa'ar Zuhal fa, a wane babi na Risala take?